Ranar da Aka Kashe Baba a Majigi

Shafi na 11

Masu cika min waya da saƙo wai "Marama, teku ta tafi da ke ne?", ku kwantar da hankalinku, ga ni da raina. Abin da ya faru a gidanmu ne sai da na huta kafin hannuna ya iya rubuta shi. Ku gyara zama.

Mun tsaya inda ruwan sama ya koro mu daga bakin teku, Mama ta ce tunda wanka ya gagara kowa ya shirya a tafi kallon majigi a ɗakin taron gari, shi kuma Baba ya ce atafau ba shi da lafiya.

"Ina ke maka ciwo?" in ji Mama, tana tsaye a ƙofar tanti da lema a hannu.

"Cikina, Huia."

"Ɗazu kai ka share kwanon ƙaguwa har da suɗe yatsa."

"Ai su ne. Ina jin ba su mutu ba, yawo suke yi."

"Sa yi yawonsu a mota. Tashi, Rawiri."

Ni dai na saki baki ina kallo. Tun ina rarrafe muke zuwa wannan bakin tekun duk bayan Kirsimeti, mu kafa tantunanmu ƙarƙashin bishiyar pohutukawar nan tamu, ban taɓa ganin ranar da aka ce majigi Baba bai riga kowa shiga mota ba. Balle fim ɗin yaƙin mutanen da, masu sulke da takubba. Mutumin da in ana irin wannan a talabijin, ko gida na ci da wuta sai an gama zai tashi.

Sai ga ƙanwata Kahu ta leƙo daga nata tantin.

"Mama, ni ma da an haƙura. An ce fim ɗin ba daɗi."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mu ma mutane ne, ma je mu gani. Sa takalminki, Likita."

Haka Mama ke kiranta tun da ta tafi Hamilton karatun aikin jinya. Bana za ta gama. Mama har ta sayi hular da za ta sa ranar bikin, wata shuɗiya mai faɗi kamar faifai, kuma babu tantin da ba a kai hoton hular nan ba.

Can muka ji hon ɗin mota ba ƙaƙƙautawa. Kakarmu ce Nana Puti, mahaifiyar Baba. Tuni ta hakimce a kujerar gaba.

"Ku fito! In na rasa farkon fim ɗin nan, babu mai ɗanɗana soyayyen burodina gobe!"

Wannan ce ta fito da Baba daga bargo.

*

Ɗakin taro ya cika maƙil. Duk wanda ruwa ya koro yana nan, da jiƙaƙƙen tawul a wuya da yashi a ƙafa. Baba ya nufi wata kujera can baya, bayan ginshiƙi, Mama ta cafko rigarsa.

"Gaba za mu. Inna ba ta ji daga nesa."

"Ina ji sarai," in ji Nana. "Gani ne ba na yi."

Muka jeru a layin farko. Nana, ni, Kahu, Mama, sai Baba a ƙarshe ya jawo hularsa har hanci.

Aka kashe wuta.

Jama'a, fim ɗin nan ya yi daɗi. Ba zan ɓoye muku ba.

Wani gari ne a kan dutse mai ganuwa, abokan gaba sun kewaye shi, abinci ya ƙare, sarkinsu ya tsufa. Kafin a jima an fara. Ganguna na tashi har kujera na rawa. Kibau na zuba kamar ruwan da muka baro a waje. Masu hari suna jingina tsani, na sama suna turewa, ana kwararo tafasasshen mai. Na manta da gugguru a hannuna sai da Kahu ta karɓe.

Nana kuwa ta zama kwamanda.

"Ture tsanin, sakarai! Ture! Kai, wannan wa ya ɗauke shi soja?"

"Nana, ba sa jin ki," na ce.

"Shi ya sa ake kashe su."

Ita kuma Mama da ta ce ba ta son ganin jini, ta rufe fuska da hannu amma ta ware yatsu.

Sai aka zo wurin gada. Abokan gaba sun tare ta da amalanke sun cinna wuta. Ƙofar gari ta buɗe kaɗan, wani barde ya fito shi kaɗai, baƙin doki, baƙin kwalkwali da ya rufe fuska ruf. Ya saki linzami. Dokin nan ya zo a guje, ya tashi sama, ya ratsa ta tsakiyar wutar, ya dira a ɗaya gefen ko gezau bai yi ba.

Ɗakin ya ɗauki ihu. Mama ta miƙe tsaye tana tafi.

"Kai! Wannan yaron ya iya doki! Rawiri, ka ga zama a sirdi?"

"Na gani," in ji Baba daga ƙarƙashin hula.

"Amma uwarsa ba ta san aikin da yake yi ba. Da ta sani, da ba ta runtsa ba."

Kahu ta ƙware da gugguru. Na dinga bubbuga mata baya.

Daga cikin abokan gaba sai wani jibgegen barde ya fito a kan farin doki zai tare shi. Sulke ya matse masa tumbi, ƙafafunsa sun bankare a likkafa.

Nana ta matso gaba, ta ƙanƙance ido.

"Marama."

"Na'am, Nana."

"Na san ƙafafun nan."

"Haba Nana, ke da kika ce ba kya gani."

"Gwamayen ƙafafun nan? Ni na haife su."

Kafin in ce wani abu, mai baƙin kwalkwali ya saita mashi. Suka haɗu. Ji kake gwaram! Jibgegen ya yi sama, ya dawo ƙasa tim, kwalkwalinsa ya cire ya gangara cikin laka.

Fuskarsa ta cika bango daga sama har ƙasa.

Gashin bakin nan. Haƙorin nan mai giɓi.

Babana.

Kuma bai mutu da wuri ba, jama'a. Sai da ya dafe ƙirji, ya kalli sama, ya rufe ido, ya sake buɗe ɗaya, ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da bas, sannan ya mutu da gaske.

"Rawiri ne!" wani ya ƙwala daga baya.

"Wallahi shi ne! Rawiri mai tumaki!"

"Allah ya jiƙanka, Rawiri! Ka yi ƙoƙari!"

Ɗakin ya kaure. Masu tafi na yi, masu fito na yi, wata mata dariya har ta zame daga kujera. Nana tana juyawa tana gaya wa kowa, "Ɗana ne, ɗana ne, tun yana ƙarami haka yake faɗuwa."

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba.

Mama ta zauna a hankali. Ta naɗe hannu. Har aka gama fim ɗin, aka ceci garin, aka naɗa sabon sarki, ba ta sake kallon gefen Baba ba.

Ku da kuka fara bina kwanan nan ba ku san dalili ba. Shekarun baya doki ya kada Baba a kan tudu yana kora tumaki, dokin ya faɗo ya danne shi. Mama ce ta same shi. Aka sa masa ƙarfe a ƙugu, likita ya ce shi da sirdi har abada, Baba kuma ya rantse wa Mama a gabanmu ba zai sake hawa ba. Lokacin sanyin bara waccan ya ce zai je kudu taya wani ɗan'uwansa gyaran shinge. Ya dawo da ɗingishi ya ce sanyi ne.

*

A mota babu mai magana sai Nana da ke kwaikwayon gangar yaƙi da bakinta.

Da muka iso ruwa ya ɗauke, rana ta fito tas, yara sun koma cikin teku. Mama ta buɗe takardar kifi da soyayyen dankalin da muka tsaya muka saya, ta raba a kan tebur ƙarƙashin bishiya. Ta ba Nana. Ta ba ni. Ta ba Kahu.

Baba ya miƙo faranti.

"Matattu ba sa cin abinci," in ji Mama.

Ya janye farantin.

"Yaya shingen?"

"Huia..."

"Tambaya na yi. Ya gyaru?"

"Bari in miki bayani."

"Yi."

"Ba ƙasa ce ta gaske ba. Katifa suke shimfiɗawa, su zuba laka a kai. Taushi kamar gadonmu."

"Sau nawa ka faɗa kan gadon namu?"

Baba ya sosa ƙeya.

"Kaɗan."

"Rawiri."

"Mai ɗaukar hoton ne ba ya ƙoshi. Kullum sai ya ce a sake."

Nana ta kece da dariya, ni kuma na cusa dankali a baki don kar tawa ta fito.

"Amma ki ji," Baba ya ci gaba, har ya fara samun ƙarfin gwiwa. "Wanda ya kada ni gwani ne. Ya san inda zai taɓa. Ko kusa da ƙugun bai je ba."

"Au, ya ma san da ƙugun?"



"Ya san tsoho ne mai ƙarfe a jiki, ya ɗauki mashi ya dinga tunkuɗo shi daga doki?" Mama ta ci gaba. "To zan nemo shi. Gobe zan kira masu fim ɗin. Sai na ga wane mara tarbiyya ne, sai na ga wace ce ta haife shi."

"Ki bar maganar yaron nan, Huia. Laifina ne ni kaɗai."

"Ba zan bari ba. Menene sunansa?"

"Na manta."

"Ka manta sunan wanda ya kashe ka?"

"Mama."

Kahu ce. Ba ta taɓa kifinta ba.

"Ci abincinki, Likita, wannan ba maganarki ba ce."

"Tawa ce." Ta ɗago ta kalli Mama. "Ni ce."

"Ke ce me?"

"Mai baƙin kwalkwalin. Ni na tsallake wutar. Ni na kada Baba."



Mama ta kalli Kahu. Ta kalli Baba. Ta sake kallon Kahu, tun daga kai har ƙafa, kamar yau ta fara ganinta.

"Makarantar fa?"

"Na bari."

"Yaushe?"

"Tun shekarar farko."

"To hotunan da kike turo min cikin farar riga?"

"Ta ƙawata ce."

Mama ta juya wurin Baba a hankali.

"Ka sani."

"Daga baya na sani. Wallahi zuwa na yi in dawo da ita. Na shiga mota da fushina, har na shirya abin da zan faɗa."

"Sai?"

"Sai na tarar tana kan doki." Ya yi ƙasa da murya. "Huia, ban taɓa ganin mutum ya hau doki haka ba. Na tsaya a bakin fili na manta abin da ya kawo ni."

"Sai kuma ka tsinci kanka cikin sulke."

"Wani ne ya zo ya ce suna neman tsoho mai tumbi da ya iya sirdi. Na duba hagu, na duba dama..."

"Ba kowa sai kai," in ji Nana.

Wannan karon ko ni ban yi dariya ba, don na ga fuskar Mama.

"Hular da na saya," ta ce, can ƙasa-ƙasa. "Na nuna wa kowa."

Ta tashi, ta cire silifas ɗinta, ta nufi bakin ruwa.

Kahu ta bi ta. Ni ma na bi su daga baya da bokiti a hannu kamar mai tsintar wani abu. Kar ku zage ni, don ku na yi.

Mama ta tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu. Kahu ta tsaya gefenta.

"Ki yi haƙuri, Mama."

Mama ta ci gaba da kallon teku.

"Na gwada. Ranar farko da aka kai mu ɗakin marasa lafiya na suma, sai da aka ba ni gado kusa da wanda na je dubawa. Kullum da safe sai na yi kuka kafin in fita. In na ɗauki waya zan gaya miki, sai ki ce 'Likitata', sai bakina ya mutu."

"Kin san abin da na gani a kan tudun nan ranar da na sami babanki?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba zan gaya miki yau ba." Mama ta share ido da bayan hannu. "Amma ba dokin ne ya fi min ciwo ba, Kahu. Kun mai da ni matar da ake ɓoye wa abu a gidanta. Ke da shi kuna haɗa ido a bayana, ni ina yawo da hoton hula."

Kahu ta fashe da kuka. Igiyar ruwa ta zo ta jiƙa musu riguna har gwiwa, ba wadda ta motsa.

An jima Mama ta ce, "Wutar nan ta gaske ce?"

"Ta gaske ce. Amma akwai masu kashewa a tsaye, da likita, da komai. Sai da muka yi wata da watanni muna koya wa dokin."

"Kin ji tsoro?"

"Kafin in tashi. Da na tashi kuma sai na ji kamar in yi ta yi."

Mama ta girgiza kai.

"Na miƙe tsaye a gaban mutane ina tafi. Ban san 'yata nake tafa wa ba."

"Kin ce na iya doki."

"Na ce. Kin iya ɗin." Ta ja kunnenta, ba da ƙarfi ba. "Na kuma ce mara tarbiyya, wannan ma ban janye ba."

Kahu ta yi dariya cikin kuka ta faɗa jikinta.

"Ki saurara," in ji Mama. " Ba za ki sake hawa gaban wuta ba sai na je na ga wurin da idona. In ga masu kashe wutar, in ga likitan, in ga dokin."

"Za ki zo?"

"Da hulata. Ba zan yi asararta ba."

Mama ta juyo ta gan ni.

"Ke kuma me kike tsinta a bokitin da ba gindi?"

Na duba. Wallahi ba gindi.

*

Da muka dawo mun tarar Baba yana zaune inda aka bar shi, ya sa faranti a cinya kamar maraya. Mama ta ɗauki kifi guda, mafi ƙanƙanta, ta jefa masa.

"Na tashi daga matattu?"

"Rabi. Muna komawa gida za ka je a ɗauki hoton ƙugun nan, ni zan kai ka. Kuma a cikin kwalekwalenmu na kamun kifi za ka dinga kwana har mu bar nan."

"Kwalekwalen na warin kifi, Huia."

"Wanda ya kwanta a laka ya mutu?"

Ya karɓi kifinsa ya fara ci. Can ya ɗago.

"Amma tsakani da Allah, mutuwar ta yi kyau ko?"

"Ta yi tsawo," in ji mu duka a tare.

Har Mama sai da ta murmusa. Ta zauna, ta jawo nata kifin, sannan ta buga tafin hannu a tebur.

"To. Tunda yau ranar tonon asiri ce, a gama a huta. Akwai sauran mai ɓoye min wani abu a gidan nan? Marama?"

"Ni? Ni da ko kyautar Kirsimeti ba na iya ɓoyewa?"

"Rawiri?"

"Na rantse babu."

"Rantsuwarka ka ajiye ta. Kahu?"

"Babu, Mama."

"Madalla. A ci abinci."

Nana Puti ta ajiye ƙayar kifinta. Ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya a jikin takarda. Sannan ta ɗaga hannu sama kamar 'yar makaranta.

"Inna, gishiri kike so?" in ji Mama.

"Ba ki tambaye ni ba."

"Ke kuma me za ki ɓoye?"

"Ajiye kifin nan, Huia. Kai kuma Rawiri, riƙe ƙugunka da kyau."

Baba ya daina tauna.

"Inna, me kika yi?"

"Ban yi ba tukuna. Sai ran Asabar. A nan bakin ruwa, in rana ta yi sanyi. Na riga na gaya wa fasto."

"Fasto? Wa ya mutu?"

"Kai ka mutu, duk gari ya gani. Ni aure zan yi."

Kifin ya suɓuce daga hannun Baba ya faɗa yashi.

"Aure? Inna, ke? Da wa?"

Nana ta shafa farin gashinta, ta kalli wani wuri a bayan Baba, ta yi wani irin murmushi da tunda nake ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Ƙaraso mana," ta ce. "Ka tsaya can kamar baƙo."

Muka juya gaba ɗaya.

Baba ya miƙe tsaye, faranti ya tarwatse a ƙasa.

"Kai?!"

Wanda muka gani tsaye a wurin kuwa, sai mun haɗu a shafi na 12.